Mafitan bikin Auta

Saura wata biyu da 'yan kwanaki bikin autarmu, ta shigo ɗakin Inna da waya a hannu, ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Yaya, don girman Allah dubi wannan, irinsa nake so." Hoton wani biki ne na Turawa. Tebura a jere da farin ƙyalle, gaban kowace kujera an kafa ɗan kati da sunan wanda zai zauna. Inna ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To wanda ya zo ba a rubuta shi ba fa, a tsaye zai ci?" Muka kwashe da dariya. Ashe tambayar nan ce za ta cinye mini mako uku.

Mu a unguwar Hausare muke, cikin Garwa ta Kamaru. Ni koyarwa nake yi a firamare, kuma duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san almakashi da takarda ba baƙin hannunmu ba ne. Da muka tambayi masu adon biki na haya, kuɗin da suka yanka ya kusa sayen gado da katifa. Baba ya ce shi iyakarsa hayar rumfa huɗu da kujerun roba 200 don walimar mata, sauran kuwa mu san yadda za mu yi. Na bugi ƙirji na ce a bar mini ado, da katin zama, da abin da za a raba wa baƙi. An sa rana makonni biyu bayan ƙaramar Sallar 2025, wato tsakiyar Afrilu, kuma kowa ya san yadda Garwa take a Afrilu: zafi ya haura 40, iskar da ke tasowa daga Binuwai ma kamar daga bakin tanda take fitowa.

Da katin na fara, don a ganina shi ne mafi sauƙi. Na sayo takarda mai kauri irin wadda muke zana taswira a aji, na yanka guda 120, na ninke kowace biyu yadda za ta tsaya da ƙafarta, na zagaye bakin da zanen lalle. Sun yi kyau, ba yabon kai ba. Sai aka zo rubuta suna.

Da wane rubutu? Mu da muka yi boko da Faransanci, A'ishatu a wurinmu Aïssatou ce, Umaru kuma Oumarou. Danginmu da za su zo daga Yola da Mubi in suka ga haka sai su ɗauka wata ce daban. Tsofaffin kuwa yawancinsu ajami suke karantawa, boko ko na wace ƙasa ne bai dame su ba. Na ce to, a yi boko a sama, ajami a ƙasa. Sai na tarar a danginmu kaɗai mata bakwai ne ke amsa sunan kakarmu ta wajen uba, kuma babu ko ɗaya da ake kira da shi, tunda sunan uwar gida ne aka mayar. Wannan Mama, waccan Ummi, ga Iya Ƙarama, ga Hajiyayye. Wata ma sai da na tambayi mutum uku kafin na san sunanta na yanka, alhali a bayanta na girma.

Na ɗauki biro na je wurin Inna in tambayi sunayen matan gidan surukanta. Ta kalle ni kamar na zage ta. Inna fa ni kaina ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ce 'yar fari. "Ke" ce ni, ko "wannan", in ta ji daɗina ta ce "Yayarsu". Yanzu ita zan sa ta zauna tana lissafo mini sunayen yayyen mijinta ɗaya bayan ɗaya? Ta ce, "Je ki tambayi wanda bai da kunya." Bangaren ango kuwa abin ya fi haka, don Fulani ne na unguwar Fulɓere, kuma abin da muke kira kunya su semteende suke ce masa, ba sa wasa da shi. Na roƙi ƙanwar ango ta rubuto mini matan gidansu. Takardar da ta aiko babu suna ko ɗaya: Dada, Goggo babba, Goggo ta Ngawundere, Yapendo, matar Bappa ta fari, matar Bappa ta biyu. Na tsaya ina kallon "ta fari" da "ta biyu", ina tunanin ranar da zan kafa wannan a gaban kujerar mace cikin taro.

Duk da haka ban haƙura ba, taurin kai gado ne a gidanmu. Na rubuta waɗanda na iya, na raba su rukuni-rukuni, na sa lamba daga 1 zuwa 12. Ina zaune a tsakar gida na baza su a tabarma sai ga Gwaggo, babbar yayar Baba, ta yi sallama. Ta zauna, aka gaisa, ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya. Ƙaddara ta sa nata ne. Ta karanta ajamin a hankali, ta juya katin, ta sake karantawa.

"Ke 'yar nan, wa ya faɗa miki sunan nan?"

Na ce, "Gwaggo, ai na biki ne, don kowa ya san wurinsa."

"Ubanki da gemunsa bai taɓa kama sunan nan a bakinsa ba. Ke kuma za ki kafa shi a teburi yara su riƙa karantawa. Wannan huɗun kuma na mene ne? Ni ce ta huɗu? Su wane ne ukun da ke gabana?"

Ban sami abin cewa ba. Lambar ba ta nufin komai, daga ƙofa na fara ƙirga kawai, amma je ka bayyana wa Gwaggo haka. A nan na gane katin nan an yi shi ne don bikin da aka san adadin mutanensa tun wata guda kafin ranar, inda ake aika wa mutum takarda ya amsa zai zo ko ba zai zo ba, kuma sunansa ba abin ɓoyo ba ne ko a bakin jikansa. Mu kuwa gayya ɗaya mutum biyar take kawowa, kuma bikin farar kaza ne, balbela ba ta jiran gayya. Girmamawa a wurinmu ita ce yarinya ta taso da gudu ta karɓi jakarki, ta ce "Bismillah nan, Gwaggo," ta kai ki har kujera. Takarda ba za ta yi wannan ba.

Gwaggon ce dai ta ba ni mafita ba ta sani ba. Tana cikin faɗan, zufa na karyo mata, sai ta fara fifita da katin. Ta yi sau biyu ta jefar, ta ce, "Ko iska ba ya bayarwa. Da ma ya fi haka faɗi da ya yi rana."

Daren nan na kira Auta na ce mata kati ya mutu, mafici za mu yi. Kowace mace in ta shigo a miƙa mata mafici, launin bakinsa shi zai nuna rumfar da za ta zauna, in an tashi ta tafi da abinta gida, shi ne tsarabar bikin. Dangin amarya kore, daga ƙyallen ankonmu. Dangin ango ruwan goro, daga nasu ankon. Ƙawaye shuɗi. Maƙwabta da duk wanda Allah ya kawo, gauraye. A bakin kowace rumfa a rataya babban faifai da aka yi wa baki da irin ƙyallen. Ba suna, ba lamba. Auta ta ɓata rai kwana biyu, wai mafici na ƙauye ne. Na ce mata ranar bikin, ƙarfe uku na yamma, za ta ba ni labari.

Ranar Lahadi na hau mashin zuwa kasuwar Pitowa, wadda ba ta da nisa daga Garwa kuma ranar take ci. A can na sami wasu mata masu saƙar kaba, wato ganyen goriba da ake tsagawa a shanya, a jiƙa kafin a saƙa. Akwai masu launi da aka rina da galura, ja da shunayya, amma na ƙi su, don galura tana zuba in hannu ya yi gumi, kuma ba na son wata ta goga a farin mayafi ta tsine mini. Na ce farare nake so, 180, masu mariƙin da aka naɗe da kyau. Muka yi ciniki a dala 30 kowane ɗaya. Ga 'yan uwa na Najeriya: dala a nan sefa 5 ce, jaka kuma sefa 1,000, don haka gaba ɗaya jaka 27 ke nan. Na ba da rabi, suka ce in dawo bayan Lahadi biyu. Sun cika alkawari, har da gyaran guda biyar.

Ƙyalle bai ci mini ko dala ba. Telan da ya ɗinka ankon ya tara mini ragowar a buhu, dangin ango ma suka aiko da nasu. Na gaurayen kuwa duk abin da ya zubo ƙarƙashin keke na kwasa, har da guntayen zanen 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, na shekarun baya, wanda kusan kowace mace a Kamaru tana da shi a akwati.

Kuskurena na farko gam ne. Wata abokiyar aiki ta ara mini na'urar nan da ake sa mata gam mai kama da kyandir ta narkar da shi, na yi mafitai 30 a yini guda ina jin daɗi. Na jera su a ɗakin ajiya mai rufin kwano. Bayan kwana huɗu na shiga na tarar ƙyallen ya ɗaɗɗago kamar ɓawon albasa. Kaba tana da santsi, gam ɗin bai kama ta sosai ba tun farko, zafin kwano kuma ya ƙarasa shi. Sai da na zauna na kankare su ɗaya bayan ɗaya da wuƙa.

Muka koma allura da zare, kuma ga yadda ya yi mana daidai. A yanka ƙyallen a karkace, faɗin yatsa uku, don wanda aka yanka a miƙe ba ya bin lanƙwasar mafici, tattarewa yake yi. A ninke bakinsa biyu a danne da dutsen guga. A shafa wa gefen maficin ruwa kaɗan da tsumma ya yi laushi. Sannan a ɗinka da zare riɓi biyu, allurar ta riƙa bi ta tsakanin saƙa, kada ta huda ganyen kansa, in ba haka ba tsagewa zai yi har ciki. Farko da ƙarshe a haɗa su a gindin mariƙi a naɗe da zare, a nan kullin ke ɓuya. Hannun da ya saba yana gama ɗaya cikin minti 15. Nawa da farko rabin awa yake ci.

Duk wannan cikin azumi aka yi shi. Da rana ba mai iya zare allura, sai bayan asham muke haɗuwa a tsakar gidanmu, mu shida: ni, da ƙawayen Auta biyu, da matar ƙanena, da 'yar Gwaggo, da maƙwabciyarmu. Ga kunun gyaɗa a kwano, ga folere mai sanyi, wato zoɓo, in an ɗauke wuta a kunna fitilar waya a jingina da turmi. Muna yin kamar 20 a dare. Amarya ita ce ta fi kowa surutu, ta fi kowa ƙarancin aiki, wai kada allura ta ɓata mata yatsu kafin lalle. Inna ba ta ɗinka ko ɗaya ba, amma duk wanda aka gama sai ya bi ta hannunta, ta ja bakin da ƙarfi, in ya motsa ta mayar wa mai shi ba ta ce uffan ba.

Maƙwabciyar tamu 'yar Njamena ce, aure ya kawo ta Garwa, kuma ita ta ce mafici kaɗai bai isa a ba iyaye mata ba, sai an haɗa da turaren wuta. Mutanen Cadi a wannan fanni ba a ja da su. Ni na ce zan gwada tukuna don in koya, na narka sukari na juya baya ina amsa waya, na dawo na tarar ya yi baƙi, gidan ya kwana yana ƙauri. Ta karɓi aikin. Itacen sandal da hawi ta farfasa ƙanana, ta daka kajiji sama-sama. Farce kuwa, wanda murfin wani dodon-koɗi ne na teku, sai da ta jiƙa shi ta kankare ta soya, don in ba a gyara shi ba ƙarni yake yi a wuta. Ta narka sukari da ruwa kaɗan a wuta marar ƙarfi har ya fara danƙo, ta zuba itacen tana juyawa ba tsayawa, da ya kama jikinsu ta sauke tukunyar. Sai da ta kai ta nesa da murhu ta ɗan huce sannan ta zuba turarukan ruwa, ta ce wanda ya zuba su a kan wuta girarsa ce za ta biya. Ta rufe a kwalabe manya ta ce kada wanda ya buɗe sai bayan Sallah, turare yana son ya kwanta. Da lokaci ya yi muka ɗura a ƙananan kwalabe 60, muka ɗinka musu 'yan jakunkuna da ragowar ƙyalle masu bakin zuge. Na ƙi leda da gangan. Tun 2014 aka hana mai laushin a ƙasar nan, ko da yake ba ta ɓace ba, kuma bayan kowane biki ita ce ke rataye a itatuwan unguwa.

Maza ban wahalar da kaina a kansu ba. A ɗaurin aure goro da dabino da alawa ake rabawa, kuma ba wanda ya taɓa yin ƙorafi. Abokan ango kaɗai na yi wa wani abu. Kawu yana zuwa Marwa, garin majema da dukawa, na ce ya samo mini guntayen jar fata a wurin masu jaka da takalma da ke kusa da babbar kasuwa. Wani baduku a nan ya yanka su ya sa zobe, suka zama mariƙin makulli 25. Har yau ina ganin su a jikin mashina a gari.

Na so a rubuta addu'ar aure a jikin kowane mafici, na je wurin malamin da ya koya mana karatun allo. Ya ce a'a. Mafici ana zama a kansa, ana jefar da shi a ƙasa, ana fifita wuta da shi, ba wurin sunan Allah ba ne. Amma ya rubuta mana ita a sabon allo guda ɗaya, da alƙalamin kara da tawadar da ya haɗa da ƙaro, ya ce a rataya ta sama da kan mutane. Ita ce ta zama tsakiyar adon bayan kujerar amarya. Muka shimfiɗa farin saƙi a bango, muka ɗinka faya-fayai manya da ƙanana kewaye da allon, a ƙasa kuma muka jera ƙoren Inna na jere, masu zanen wuta irin na matan Fulani, bayan mun goge su da man gyaɗa sun yi sheƙi. Furannin takarda da na ɓata dare biyu a kansu iska ta kwashe su tun kafin azahar, ban ma bi ta kansu ba.

Ranar walima na tsayar da yara mata huɗu a ƙofa, kowace da kwandon launi ɗaya, da 'yar Gwaggo a kansu don ta san fuskar kowa. Awa ta farko abin ya tafi kamar a mafarki. Mace ta shigo, a gaishe ta, a miƙa mata mafici, ta ɗaga kai ta ga faifan da ya yi kama da shi ta nufi can. Gwaggo ta karɓi korenta, ta jujjuya shi, ta ja bakin kamar yadda Inna ke yi, ta wuce ta zauna a kujerar gaba ba tare da kowa ya nuna mata ba. Wajen ƙarfe uku aka ɗauke wuta, fankokin haya biyu suka tsaya cak. Na leƙa daga bayan rumfa na ga wurin gaba ɗaya yana kaɗawa, kore nan, ruwan goro can. Auta ta ɗago mayafi ta neme ni da ido, ta yi mini alama in miƙo mata ɗaya.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Mafitan sun ƙare mutane ba su ƙare ba, aƙalla mata 40 sun zo daga baya sun tarar da kwanduna wayam, kuma wata daga cikinsu har yanzu gaisuwarta a taƙaice take. Wata daga dangin ango ta ƙi ruwan goro, ta ce kore ne ya dace da zanenta, aka ba ta, ta je ta zauna cikin danginmu ta sha hira. Da aka fara kiɗan ƙwarya kuwa launi ya watse, kowa ta koma inda ƙawarta take. Kuɗi dai mun kashe ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da masu haya suka nema, amma babban yatsana ya yi mako biyu ba ya riƙe alli da daɗi. Abin da ya fi ci mini rai, wajen kwashe kaya wani yaro ya taka ɗaya daga ƙoren Inna ta tsage, kuma ita ce wadda ta gada wurin mahaifiyarta. Sai da na yi sati uku ina cigiya kafin na sami wani tsohon gyartai ya ɗinke ta. Inna ta karɓa ta duba ɗinkin, ta mayar da ita saman jere, ta juya tsagin wajen bango.

Katunan 120 kuwa na kai su makaranta, na raba wa yara su riƙa rubuta lissafin sau a bayansu, don takarda mai kauri ba abin zubarwa ba ce. Ina rubutu a allo sai na ji wani yaro a baya, wanda ke zuwa makarantar allo da yamma, ya juya nasa yana haɗa baƙaƙen ajamin da ƙarfi. Ya kai rabin sunan Gwaggo na isa kansa. Na karɓe, na ba shi wani, na jefa wancan a jakata.